Harshen Siffa: Yadda Zane Ke Magana da Ɗan Wasa Daga Dandali Zuwa Allon Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci sadarwa, abin da kan fara faɗo wa manazarcin harshe a rai shi ne furuci da rubutu. Sai dai ɗan Adam yana da wasu hanyoyi na isar da saƙo ba tare da ya buɗe baki ba. Daga cikinsu akwai siffa, watau fasalin da ido ke gani kamar da'ira da murabba'i da alwatika da miƙaƙƙen layi. Babu inda wannan hanya ta fi fitowa fili kamar fagen wasa, domin ɗan wasa ba shi da sukunin tsayawa karatu. Abin da idonsa ya gani, shi ƙafarsa ko ɗan yatsansa zai bi nan take.

Wannan takarda za ta dubi yadda siffa ke isar da saƙo ga ɗan wasa, tun daga wasannin Hausawa na dandali har zuwa wasannin bidiyo da ake yi a kan allon talabijin da kwamfuta da wayar hannu. Manufarta ita ce ta nuna cewa siffa tana magana ne da murya biyu. Akwai muryar da jiki ke ganewa ba sai an koya masa ba, akwai kuma muryar da sai jama'a sun yi yarjejeniya a kanta kafin ta yi ma'ana.

An ɗauki unguwar Shadawanka ta birnin Bauchi a matsayin madubi saboda wani dalili. Unguwar ta yi suna ne da barikin soja da ke cikinta, shi kuwa bariki matattara ce ta ƙabilu da harsuna. A irin wannan muhalli ne aka sami Barikanci, watau sassauƙar Hausar nan da ta zama harshen cuɗanya tsakanin sojoji tun zamanin mulkin mallaka. Yaron da aka yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki daga wani sashe na ƙasa yakan shiga wasa da yaran da ya tarar kafin bakinsa ya faɗa da harshensu. Tambayar da ta haifar da wannan nazari ita ce: me ke sanar da shi inda zai tsaya, da inda zai taka, da inda in ya taka ya faɗi?

2.0 Siffa da Fagen Wasa

Masanin tarihin nan ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya yi bayani a littafinsa Homo Ludens (1938) cewa kowane wasa yana gudana ne cikin wani keɓaɓɓen fili da aka shata, wanda dokokin cikinsa suka sha bamban da na waje. Bahaushe ya san wannan tun da daɗewa, shi ya sa yake da kalmomin dandali da fage da fili. Marin da aka yi a fagen dambe bajinta ce, amma in aka yi shi a bakin kasuwa sai an je gaban alƙali. Abin da ya raba hukunce-hukuncen biyu bai wuce iyakar da aka shata ba.

Shi kuwa James Gibson, masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Amurka, ya nuna a 1979 cewa mutum ba ya ganin abu kurum, yana ganin abin da zai iya yi da shi. Dakali yana kiran zama, rami yana kiran tsallakewa, ƙaya kuma tana kiran kaucewa. Idan aka haɗa wannan ra'ayi da na Ferdinand de Saussure (1916), wanda ya ce dangantakar kalma da ma'anarta yarjejeniya ce kawai ta masu harshe, za a sami ma'auni biyu da za a ɗora siffofin wasa a kansu: siffar da ke umartar jiki kai tsaye, da siffar da ke aiki kamar kalma.

3.0 Siffa a Wasannin Hausawa

3.1 Da'ira

Da'ira ita ce uwar siffofi a dandalin Bahaushe. 'Yan mata kan yi da'ira ko rabinta a wasan gaɗa, 'yan kallo kuma kan kewaye 'yan dambe da 'yan kokawa. Siffar tana ɗauke da saƙo iri biyu. Ga waɗanda suka yi kewayen, tana cewa babu na gaba babu na baya, domin nisan kowa daga tsakiya ɗaya ne. Ga wanda ya shiga tsakiya kuwa, tana cewa idon kowa a kansa yake, kuma babu lungun da zai raɓe. Idan aka kwatanta wannan da dakalin damben zamani, wanda yake murabba'i ne mai igiyoyi, za a ga bambanci. A can akwai kusurwa huɗu, ana iya matse abokin karawa a ɗaya daga cikinsu, kuma dabarun wasan da yawa sun ginu a kan haka. A da'ira babu kusurwa, sai dai zagaye da neman sa'a. Har a gasar kokawa ta ƙasa da ake yi a Jamhuriyar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, fagen da ake karawa a cikinsa kewayayye ne.

3.2 Layi da Gida

A wasan 'yar gala-gala, yara kan zana gidaje a ƙasa da tsinke ko da ɗan yatsa, su jefa guntun kasko cikin gida, sa'an nan su bi gidajen da tsalle. Wadda ta taka layi ta faɗi. Abin lura a nan shi ne layin ba shi da tsawo ko na ɗan yatsa, amma 'yar wasa tana girmama shi kamar katanga. Faɗin gida shi ke faɗa mata yadda za ta sauka, jerin gidajen kuma shi ke nuna mata inda za ta dosa. Baƙuwar yarinya a Shadawanka ba ta bukatar tafinta; kallon zagaye ɗaya ya ishe ta. Haka abin yake a langa, inda wurin da aka shata a matsayin gida shi ke jan hankalin kowa, da mai neman isa gare shi da masu neman tare shi.

3.3 Dara

Dara ce ta fi dacewa a tsaya a kanta, domin a cikinta ne siffa ta zama lissafi. A irin darar da ta fi yaɗuwa, akan tona gurabu 30 a ƙasa, jeri 5 kowanne da gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, watau in an gama zubawa gurabu 6 ne kawai ke zama fanko. Ana gusa ɗa ne taki ɗaya, gaba ko baya, dama ko hagu, ba a karkace ba. Wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Akwai 'yan bambance-bambancen doka daga gari zuwa gari, amma wannan ne ginshiƙin.

Ga wanda bai iya ba, duk gurabun ɗaya ne. Lissafi kuwa ya nuna ba haka ba ne. Gurabu 4 na kusurwa kowanne maƙwabta 2 gare shi. Gurabu 14 na gefe kowanne yana da 3. Gurabu 12 na ciki su ne masu maƙwabta 4. Har ila yau, hanyoyin da za a iya jera uku a kan fagen duka 38 ne, 20 a kwance 18 a tsaye. Gurbin kusurwa yana shiga cikin 2 ne kacal daga cikinsu, alhali gurabu biyu na tsakiyar fage kowanne yana shiga cikin 6. Ashe ke nan ɗan da aka ajiye a tsakiya ya ninka na kusurwa sau uku wajen damar ci. Dattijon da ke buga dara a gindin bishiya bai zauna ya ƙirga waɗannan ba, amma idonsa ya daɗe da karanta su. Fagen ne ya koya masa cewa kusurwa kurkuku ce.

Wani abin lura shi ne yadda ake rarrabe 'ya'yan dara. Ɗaya kan ɗauki guntayen kara ko tsinke, ɗayan ya ɗauki tsakuwa. Dogo da dunƙulalle ke nan. Ba launi ne ke nuna mai ɗa ba, siffa ce, shi ya sa ko magariba ta kawo jiki ana iya ci gaba da wasa, hannu ma kaɗai ya isa ya bambance.

4.0 Siffa a Wasannin Allo

4.1 Tubalin Ginin

Duniyar da ake gani a wasan bidiyo ba ta da ƙasa ko dutse, siffofi ne zalla da lissafi. A wasan Pong na kamfanin Atari (1972), sanduna biyu ne da ɗigo ɗaya. Ɗigon ma murabba'i ne, amma kowa ƙwallo yake kiransa, domin yana tashi yana dawowa kamar ƙwallo. Wannan ya nuna cewa motsi yana cika abin da siffa ta rage. Mutane da yawa a ƙasar Hausa sun fara saduwa da irin wannan wasa ne ta hanyar wasan maciji na wayoyin Nokia, bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001. Layi ne kawai da ke ƙara tsawo, ga ɗigon da zai ci, ga iyakar da in ya taɓa ya mutu. Dokar 'yar gala-gala ce ta koma cikin tafin hannu.

Wasannin zamani masu kama da zahiri kuwa, duk abin da ke cikinsu, da mutum da mota da tsauni, an harhaɗa shi ne da dubban ƙananan alwatika. Dalili shi ne ɗigo uku a kullum suna zama a kan shimfiɗa ɗaya, ɗigo huɗu kuwa suna iya karkacewa. Duk matar da ta girka tukunya a kan duwatsun murhu uku ta san wannan hikima.

4.2 Siffar da Jiki Ke Ganewa

A 1929 masanin nan Bajamushe, Wolfgang Köhler, ya nuna wa mutane zane biyu, ɗaya mai lanƙwasa ɗaya mai tsini, ya nemi su raba musu wasu sunaye biyu marasa ma'ana. Ramachandran da Hubbard sun maimaita gwajin a 2001 da kalmomin buba da kiki, mafi yawan mutane suka ba mai lanƙwasa buba, mai tsini kuma kiki. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda ya shafi masu magana da harsuna 25, ya sami wannan ɗabi'a a mafi yawansu, ko da yake ba a dukkansu ba. Manazarcin Hausa zai tuna da kalmomi irin su mulmulalle da dunƙulalle da kumburarre da ɓulɓul a gefe guda, da tsini da tsinke da siriri da ƙiris a ɗaya gefen. Wannan karkata ce ba doka ba, domin ga wuƙa nan da wasalinta na u, ga ta kuma da kaifi.

Masu tsara wasannin bidiyo sun daɗe suna cin gajiyar wannan. Chris Solarski (2012), wanda ya yi rubutu a kan zanen wasanni, ya yi bayanin cewa akan yi amfani da lanƙwasa don nuna aminci da kuzari, murabba'i don nuna ƙarfi da tabbata, tsini kuma don nuna haɗari. A wasan Super Mario Bros. na kamfanin Nintendo (1985), wanda Shigeru Miyamoto ya jagoranci tsara shi, jarumin gajere ne mai kewayayyen jiki. Yana iya dira a kan abokan gaba masu santsin baya ya murƙushe su, amma in ya dira a kan mai ƙayoyi shi zai ji jiki. Babu rubutun da ya faɗi haka, ƙayar ce ta faɗa. Haka kuma a farkon wasan an ajiye shi ne a hagun allo yana fuskantar dama, aka bar masa fili a gabansa. Filin nan umarni ne na tafiya.

A wasan Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, siffofi 7 ne ke faɗowa daga sama, kowacce an haɗa ta da murabba'i 4. Ɗan wasa yana ganin giɓi, sai ya nemi siffar da za ta cike shi. Wasan ya ratsa duniya ba tare da an fassara komai a cikinsa ba. Shi kuwa Minecraft, wanda Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara a 2009, an gina duniyarsa ne da 'yan akwatuna masu fuska shida iri ɗaya. Daidaituwarsu ita ke sanar da yaro cewa ana iya cire su, ana iya ɗora su, kamar yadda magini ke yi da bulo.

4.3 Siffar da Ke Bukatar Yarjejeniya

Murya ta biyu ta fi kusa da harshe. Misali na kusa shi ne katin Whot da ake bugawa a majalisu da shaguna ko'ina a Nijeriya. An ƙirƙire shi a Ingila a 1935, yana da kati 54 da siffofi 5: da'ira da alwatika da gicciye da murabba'i da tauraro. A nan alwatika ba ta nufin haɗari, da'ira kuma ba ta nufin aminci. Kowace siffa sunan dangi ce kawai, ana bin kati da ɗan'uwansa a siffa ko a lamba. 'Yan wasa a Nijeriya ma sun laƙaba musu sunayen kansu, suna kiran da'ira bol, murabba'i kuma kafet.

Misalin da ya fi wannan armashi yana kan madannin hannu na na'urar PlayStation, wadda kamfanin Sony ya fitar a Japan a Disamban 1994, wadda kuma ita ce jigon gidajen gem a biranen Arewa. Maɓallanta huɗu suna ɗauke da alwatika da da'ira da gicciye da murabba'i. Teiyu Goto, wanda ya tsara ta, ya yi bayanin cewa alwatika tana nuna inda aka fuskanta, murabba'i yana wakiltar takarda, da'ira tana nufin i, gicciye kuma a'a. Haka al'adar Japan take, domin a can malami yakan zana da'ira ne a kan amsar da ta yi daidai. Da na'urar ta isa Turai da Amurka sai ma'anar ta juye, gicciye ya zama maɓallin amincewa. Bambancin ya ɗore har 2020, lokacin da kamfanin ya mayar da gicciye alamar amincewa har a Japan ɗin kanta. Ga ɗalibin Nijeriya kuwa, da'ira a kan takardar jarrabawa sifiri ce. Siffa ɗaya, ma'ana uku.

Matasan da ke buga ƙwallon ƙafa a gidajen gem sun san wannan a aikace. A tsarin asali na wasan FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, da da'ira ake buga ƙwallo raga. A wasan PES kuwa, wanda ya koma eFootball a 2021, da murabba'i ake bugawa, da'ira ta dogon bugu ce. Wanda ya saba da ɗaya in ya koma ɗayan yakan yi ta ɓarar da ƙwallo a bakin raga har sai yatsunsa sun koyi sabon karin. Wannan daidai yake da abin da masana harshe ke kira katsalandan na harshen farko a kan na biyu.

5.0 Abin Koyi ga Masu Tsara Wasa da Hausa

Wannan bayani yana da amfani fiye da na ilimi kawai. Filayen wasa suna ƙara ƙuntata a birane saboda gine-gine, wayar hannu kuma tana cinye lokacin da dandali ke ci a da. Idan ana so dara da langa da 'yar gala-gala su isa ga yaran da ke tasowa, to wani kaso na rayuwarsu zai koma kan allo. Mai wannan aiki yana bukatar ya rarrabe muryoyin nan biyu. Abin da jiki ke ganewa, kamar layi da giɓi da tsini, ya bar shi ya yi magana da kansa, kada ya cika allo da rubutu. Abin da yake na yarjejeniya kuwa, kada ya ɗauko na wasu ya ɗora wa Bahaushe yana zaton kowa ya san shi.

Bugu da ƙari, muhallin Bahaushe cike yake da siffofi masu ma'ana da za a iya gina duniyar wasa da su. Tsohon birnin Bauchi, wanda Sarki Yakubu na Farko ya kafa a 1809, an kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi, irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Jahun. Ganuwa tana raba ciki da waje, ƙofa kuma tana tattara masu shiga a wuri ɗaya. Lungu mai lanƙwasa yana ɓoye abin da ke gaba. Zaure yana faɗa wa baƙo inda iyakarsa take, musamman da yake ba a cika daidaita ƙofarsa ta waje da ta ciki ba, don kada ido ya zarce cikin gida. Tsarin bariki kuwa kishiyar wannan ne: miƙaƙƙun tituna, jerin gidaje iri ɗaya, da buɗaɗɗen filin fareti. Na farko yana magana da harshen sirri da kunya, na biyu da harshen oda da sa ido. Yaron Shadawanka da ke shiga cikin gari yana karanta duka biyun, kuma zai gane su nan take in ya gan su a kan allo.

6.0 Kammalawa

Takardar ta yi ƙoƙarin nuna cewa siffa hanya ce ta sadarwa a fagen wasa, ko fagen na ƙasa ne ko na allo. An ga yadda da'ira ke daidaita mahalarta, da yadda layi ke zama katanga, da yadda gurabun dara 30 suka bambanta a daraja ko da yake kamanninsu ɗaya. An kuma ga cewa wasannin bidiyo sun dogara ne a kan waɗannan ka'idoji, wasu jiki ke gane su, wasu kuma sai an koya kamar yadda ake koyon kalma. Aikin da ya rage ga sassan nazarin harsunan Nijeriya shi ne tattara kalmomin da 'yan dara da 'yan langa da 'yan gaɗa ke amfani da su wajen kiran gurabu da layuka da dabarun wasa, gari bayan gari, tun masu su suna raye. Waɗannan kalmomi su ne za su zama jari ga duk wanda zai tsara wasan kwamfuta da Hausa, maimakon ya tsaya ga fassara na wasu.